Ciyawar Baba da Ƙaguwarsa

Crisfield, 9 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Gwendolyn,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da iyali a can Denver. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan taki. Mu duk lafiya lau, maigidana Vernon ya koma aiki.

Yaya, ki kwantar da hankalinki, Baba ba zai sayar da jirgin ruwansa ba. Kin tuna ya rantse cewa in ƙaguwarsa ta sake mutuwa kamar bara a tankunan da yake ajiye ta har ta yi saɓa, ya bar sana'ar ke nan. Ni kuwa na san ranar da ya daina fita ruwa, ranar za mu fara jinya.

Ashe ciyawar nan tasa ce ke kashe ƙaguwar, wadda yake aske wa kai duk Asabar har bakin rafi. Ba ya watsa mata takin zamani sai ya ga hadari ya haɗu, wai don ruwa ya shigar da shi ƙasa. Ruwan kuwa sai ya kwashe takin ya zuba a rafi, daidai inda famfonsa ke ja wa tankuna ruwa. Rafin ya yi kore, ƙaguwa tana cikin saɓa ta shaƙe.

A watan Afrilu na sa Vernon ya tone taku goma daga gaɓa, muka dasa ciyayin fadama irin waɗanda muka taso muna gani, masu saiwa mai zurfi, don su tare abin da ruwa ya kwaso kafin ya kai rafi. Takin kuma na kulle. Baba ya ce shekara arba'in yana yaƙi da ciyayin banza, yau ga 'yar cikinsa ta sayo su tana yi musu ban ruwa. Ya ce ko macizai ne suka aiko ni. Kwana tara bai ci abincina ba, sai na Inna Odessa, kin kuwa san girkinta.

Makon jiya aka yi ruwa kwana biyu cur. Da ya ɗauke na kasa zuwa wajen tankuna, don tsoron abin da zan tarar. Baba ne ya shigo da kansa, ya dire tire cike da ƙaguwa mai laushi da ta gama saɓa, duk da rai, ya ce in soya tun da na iya shisshigi. Sai da na yi kuka, Yaya.

Bai ce na yi daidai ba, kin san hali. Amma jiya na tarar da shi yana awon katako, wai tanki biyu zai ƙara baɗi.

Ki gaishe da Harlan da Tessa. Inna Odessa tana gaishe ki.

Taki ƙanwa,
Marlene