Yarinyar Kujerar Gaba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya aikin asibiti da yara?

Ina cikin damuwa. Kin san darasin sadarwa aka ba ni, 'yan aji ɗaya su ɗari biyu, lasifikar ɗakin kuma ta mutu. Rannan na yi wasa na ce sashen koyar da magana ne, amma lasifikarsa bebiya. Bayan kwana biyu shugaban sashe ya kira ni ya maimaita mini maganar ba ragi. Ga shi ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna.

Akwai wata yarinya a kujerar gaba. Kullum wayarta na kan tebur tana ɗaukar murya, idonta ƙur a bakina, ba ta taɓa amsa tambaya ba. Jiya na kira ta sau uku a baranda, ko waiwaye. Biri ya yi kama da mutum.

Ki gai da maigidan.
Autarku

Auta,

Mun gode Allah, yara na gaishe ki.

Ke dai tun kina ƙarama in takalminki ya ɓata kowa a gida ɓarawo ne, ƙarshe a same shi ƙarƙashin gadonki. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ki kira ta ofis ku zauna ku biyu, ki tambaye ta. Ba abin da kike koya musu ke nan ba?

Ki riƙa cin abinci.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta iso a makare.

Ranar Litinin na ƙwace wayar a gaban aji, na ce ban hana kowa kai rahotona ba, amma ba da waya ba. Aka kwashe da dariya. Bayan kwana biyu ta zo ofis, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, “Malama, don Allah ki dube ni in za ki yi magana.” Ashe ba ta ji, zazzaɓi ya tafi da jinta bara. Leɓena take karantawa, abin da ya wuce ta kuma mahaifiyarta ke saurara a wayar a gida ta rubuta mata. Ta roƙe ni kada in gaya wa kowa.

Yanzu 'yan aji 'yar rahoto suke kiranta. Kuma yau shugaba ya sake maimaita mini wata maganar, wadda na yi ranar da wayar ke kulle a durowata.

Ki sa ni a addu'a.
Autarku

Yaya,

Gaisuwa a gurguje.

Na ba ta haƙuri a gaban aji, ina fuskantarta. Ban iya faɗin dalili ba, don haka babu wanda ya yarda. Yau kwana huɗu kujerarta babu kowa. Sauran kuwa suna nan suna ta rubutu, ni kuma ina auna kowace kalma kafin ta fito.

Sai na ji daga gare ki.
Auta