Na Sayi Tsohuwar Karafan

Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Nan Alƙahira sai godiya.

Abin da kika ji gaskiya ne. Na sayi karafan, wato tsohuwar tirela mai ɗaki a ciki, irin wadda masu yawon shaƙatawa ke ja da mota. A unguwar Arba wa Nus na same ta, kaji na kwana ciki. Da arha na saya, amma da mai walda ya leƙa ƙarƙashinta sai ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri Munzir, tsatsa ta cinye ta. Gyaran zai ninka kuɗin saye."

Na ce, "Yalla, mu fara."

Kada ki damu don na bar gidan haya. A cikinta nake kwana, taga ɗaya ce kawai babu gilashi, na toshe da kwali.

In an gama, masa zan riƙa toyawa a cikinta ina sayar wa ɗalibanmu 'yan gida a unguwar Hay el-Sabi'. Don Allah ki aiko mini da yajinki, ki koya mini haɗa ƙullu. Allah ya saka miki da alheri. Inna kuwa kada ta ji inda nake kwana, sai ranar da na turo mata hoton layin masu saye.

Ƙaninki,
Munzir