Yaɗiyar da Na Dasa wa Inna

Zuwa ga Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Malam da yara. Ya zafin Yola, ya kuma ƙafar taki? Mu nan Jajaye sai godiya, jikin Inna ne dai ya ƙi daɗi.

Tun bayan Sallah ta daina cin abinci. Ko fura aka kawo sai ta kau da kai, kwaɗon yaɗiya kaɗai take nema. Na bi gonaki har Fulatan, duk maganin feshi ya ƙone ta. Da ƙyar na samu guda a bakin wani kwazazzabo, na haƙo na dasa a gindin dangarmu. Ashe saiwarta zurfi gare ta, na datse ta da fartanya ban sani ba. Safe da yamma ina ba ta ruwa, na yi mata inuwa da kara, amma ganye biyu suka rage, su ma sun yi yaushi.

Jiya Inna ta ce, "Hajara, ta yi toho?" Na ce, "Ta yi, Inna." Sai ta sha kunu ludayi uku, ta ce za ta jira. Yaya, ƙarya na yi mata.

Don Allah in akwai a wajenku, ki shanya ganyen ki aiko da wuri. Ki gaida Malam da su Ummi. Ku sa mu a addu'a, Allah ya sa ta yi toho kafin Inna ta ce in riƙa ta ta je ta gani.

Ƙanwarki,
Hajara