Ɗigon Fenti da Sunan Malam Hamidu

Zuwa ga Babban Darakta,
kamfanin da ya sayar mini da mota,
Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, kai da duk waɗanda ke ƙarƙashinka. Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya kuma ba ka haƙurin karanta ta har ƙarshe, don ni ba gwanin gajarta magana ba ne.

Sunana Abdu. A nan Gaya Alhaji Abdu Maishinkafa ake ce mini. Ina sayen shinkafa a Tanda da ƙauyukan bakin kogi in kai Dosso, lokacin rake kuma in nufi wajen Junju. Sau biyu na rubuto wa biro ɗinku, wato ofishinku, ban ga amsa ba. Shi ya sa na fito da maganar fili. Akwai kuma wani dalili: ɓarnar da nake son gyarawa a bainar jama'a na yi ta, ba za ta gyaru cikin ambulan rufaffe ba.

Na farko, yadda na sayi motar.

Ka san mutanen Gaya, kan iyaka muke. Mai son mota gada yake tsallakawa, ya samo wadda ta riga ta ga duniya, ya kawo wa makanikensa. Haka na yi shekara ashirin da biyu, kuma duk tsawon lokacin makanikena ɗaya ne, Malam Hamidu, wani Badande mai rumfar gyara a bayan tasha. Bara bayan girbi na ce na gaji da kwana a hanya, na tattara abin da nake da shi, na zo wurinku na sayi sabuwar mai buɗaɗɗen baya, mai shan gazuwal, wato man dizal. Abin da ya ja ni kalma ɗaya ce, garanti. Mai sayarwarku ya ce shekara biyu ko kilomita dubu hamsin, duk abin da ya taɓu cikin inji naku ne. Ya kawo mini shayi da ruwan sanyi, ya ajiye kontara, takardar yarjejeniya mai shafi goma sha biyu da Faransanci, ya miƙo alƙalami.

Ban karanta ba. Na yi lakkol har aji shida, da na zauna da tabarau da na fahimci rabinta. Amma a wurinmu mutum ya ba ka wurin zama ya ba ka shayi, ka kama binciken takardarsa layi-layi a gabansa, kamar ka ce masa ɓarawo ne. Kunya ta sa na sa hannu. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Sai dai ina tambaya, ranka ya daɗe: mutumin da ya ɓata rabin awa yana nuna mini yadda rediyo ke kama salula, me ya hana shi buɗe kapo, murfin inji, minti ɗaya, ya nuna mini ɗigon fenti rawaya da ke kan kowane anjekter mai fesa mai, ya ce, in wannan ya goge garanti ya mutu?

Na biyu, yadda na riƙe ta.

Sharaɗi biyu kawai aka faɗa mini da baki: in sha mai a sitasiyon, wato gidan mai, in yi bidanj, wato canjin man inji, a garajinku. Duka na cika. A garin da kowane lungu akwai mai sayar da ruwa-ruwa, man bayan fage, a kwalba, ni kaɗai nake bin layin famfo ina neman resi, abokaina na fada suna dariya wai motata ta fi amarya tsirfa. Resin nan suna nan cikin gwangwani, ko ɗaya bai ɓata ba. Bidanj kuma sau biyu na tuƙo kusan kilomita ɗari uku zuwa Yamai don a canza mini mai, aikin da Hamidu kan gama kafin shayi ya huce.

A zuwa na biyu na gaya wa ma'aikacinku cewa tana karkarwa da safe, tana fitar da baƙin hayaƙi idan ta ɗauki kaya. Ya saurara, ya ce man Gaya ne, in ci gaba da tafiya. Ya rubuta ƙorafin a littafin motar da hannunsa, ya buga hatimi. Littafin yana wurina.

Na uku, ranar da ta tsaya.

Wata bakwai da saye, kilomita dubu goma sha huɗu da ɗan kai, ta mutu mini a bakin kasuwar Yelu da rana tsaka, buhu goma sha biyu a bayanta. Da igiya aka jawo ta Gaya. Na buga muku waya, aka ce in kawo ta Yamai, kuɗin ɗauko ta kuma nawa ne. Kafin in sami babbar motar da za ta goya ta, ta kwana uku a ƙofar gidana.

A nan ne nake so ka fahimci wani abu da ba ya cikin kontararku. A Gaya idan motar mutum ta kwanta, makanikensa ba ya jiran kira. Zuwa yake yi, kamar yadda ake zuwa duba marar lafiya. In bai zo ba, an ce akwai wani abu tsakaninku. In ya zo ka hana shi taɓawa, ka ci mutuncinsa. Hamidu ya zo da hantsi da jakar kile, ƙarafan kwance noti, a kafaɗa, ya ce, "Abdu, ina amaryar taka? An ce ta yi yaji." Muka yi dariya. Ni na buɗe masa kapo da hannuna, ni na riƙe masa tsumma. Ya sa na tayar, ya kasa kunne, sannan ya kwance anjekter guda, wato bakin nan da ke fesa mai cikin inji. Ya duba shi a rana, ya mayar, ya ɗaure. Ya ce, "Wannan ba aikin rumfata ba ne. Kai ta gidansu, da ciwonta ta zo." Na miƙa masa na goro, ya harare ni, ya tafi.

Na huɗu, hukuncin garajinku.

Shugaban garajin bai yi minti biyar a kanta ba. Ya nuna mini inda fenti ya kankare, ya buɗe shafi na tara na kontara, ya ce baƙon hannu ya shiga inji, garanti ya faɗi. Na nuna masa littafin da ƙorafina ke ciki tun wata biyu kafin Hamidu ya taɓa ta, ya ce wannan ba ya canza doka. Aka sauya anjekter huɗu, aka ba ni fatire, takardar kuɗin aiki, ta jika ɗari tara da hamsin. Na sayar da shanu biyu da nake kiwo na biya, don rake na jirana. Na nemi tsofaffin da aka cire, aka yi ta ja da ni, da ƙyar aka ba ni su a leda.

Na biyar, wanda ya fi kowanne yi mini nauyi.

Na dawo Gaya zuciyata tana tafasa. Kai ba na iya kaiwa gare ka, ƙofarka da mai gadi. Hamidu kuwa rumfarsa ba ƙofa. Ranar kasuwa ce, tasha cike da direbobi. Na tsaya a gabansa na ce ya kashe mini mota. Na ce idonsa ya tafi, hannunsa na gwangwanayen motocin da suka ƙare ne, wanda duk ke son motarsa ya raba ta da shi. Da Hausa na faɗa, na maimaita da Dandanci, harshensu na Dandawa, don kada wani ya ce bai ji ba. Mutumin da ya taɓa biyo ni har bayan Tanda cikin ruwan sama ya fitar da ni daga laka, wanda ya yi wa ɗana na fari huɗuba. Ya goge hannunsa, ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Maganar mai shinkafa tana da nauyi a tasha, don rabin direbobin nan kayana suke ɗauka. Cikin wata guda rumfar da ba a samun wurin ajiye mota ta koma sai babur ɗaya ko biyu. Ina wucewa ina gani, ina ce wa kaina shi ya ja.

Sai bayan wata biyu, ina neman wata takarda cikin gwangwanin resi, fatirenku ta faɗo hannuna. Wannan karon na sa tabarau na karanta a hankali. A sama an rubuta cewa fenti ya goge a kan anjekter ɗaya. A ƙasa an rubuta an sauya huɗu, duka sun lalace. Na karanta sau uku. Idan hannun Hamidu ne ya ɓata guda, wane hannu ya ɓata ukun da fentinsu ke nan daram? Na ɗauki ledar na kai wa wani mai injin gwada anjekter a Yamai, wanda ba ruwansa da ku, ba ruwansa da ni. Ya gwada su a gabana. Ya ce cuta ɗaya ce ke cikinsu duka huɗun, kuma ba ta kwana biyu ba ce. Na nuna masa wanda aka kwance, mai alamar kile a wuya. Ya ce ai shi ne ma mai dama-dama a cikinsu. Ya rubuta mini haka, na haɗa kwafi da wasiƙata ta biyu, wadda har yau ba ku amsa ba.

Ban san yadda na iso Gaya ba ranar. Kunya ta ishe ni, har yanzu kuma ba ta sake ni ba. Na je rumfar Hamidu na tarar da shi shi kaɗai yana wanke kayan aikin da ba su yi datti ba. Na nemi gafara. Ya miƙe, ya ba ni hannu, ya ce, "Ba komai, Alhaji. Allah ya yafe mana." Shekara ashirin da biyu bai taɓa ce mini Alhaji ba. Ko ranar da na dawo daga Makka cewa ya yi, "Abdu, ka dawo da taurin kan naka ko ka baro shi can?"

Na koma tasha na faɗa wa direbobi cewa na yi kuskure. Suka ce Alhaji mutumin kirki ne, yana rufa wa tsohon abokinsa asiri. Zagin sun yarda da shi nan take, janyewar ce suka ƙi saya. Wani ma ya ce mini, ai kamfani da kansa ya ce hannun Hamidu ne, kai wane ne? A nan na gane cewa bakina ya isa ya ɓata, bai isa ya gyara ba. Sai da hatiminku.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, ku ba ni takarda mai hatimin kamfani, layi uku ma sun isa, da ke cewa lalacewar anjekter ɗin motata ba daga hannun makaniken Gaya ta fito ba. Ba na neman ku ce laifinku ne. Ku rubuta abin da fatirenku ta riga ta faɗa. Ni zan kai ta tasha ranar kasuwa, in tsaya daidai inda na tsaya, in karanta da Faransanci, in fassara da Hausa da Dandanci.

Biyu, ku duba maganar kuɗin anjekter ukun da fentinsu bai goge ba. Ina ganin hakkina ne. Amma in za ku zaɓi ɗaya tsakanin wannan da takardar, ku riƙe kuɗin.

Uku, duk wanda ya zo muku daga Gaya, ko Junju, ko wani garin da ba ku da garaji, ku buɗe masa kapo kafin ku ba shi shayi. Ku nuna masa fentin, ku faɗa masa da harshen da yake ji. Mu nan ba ma iya korar makanikenmu daga ƙofar gida sai da dalilin da za mu nuna masa.

Motar tana tafiya lafiya yanzu, ba karkarwa, ba hayaƙi. Kullum da safe nakan bi ta bayan tasha in rage gudu in ɗaga masa hannu. Yakan miƙe tsaye ya amsa, yadda ake yi wa baƙo. Hamidu ya haura sittin, ba shi da wata sana'a, ba shi da gona. Ban san ko takardarku za ta mayar masa da direbobinsa duka ba, amma ita kaɗai ta rage mini da zan gwada.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci kasuwancinka, ya tsare ka da yanke wa mutum hukunci cikin fushi. Ni na yi, na san ɗacinsa. Idan ka zauna sa hannu a takardun gobe, ka tuna akwai wani mutum a Gaya da ke jiran layi uku daga gare ka, ko Allah zai sa abokinsa ya sake ce masa Abdu.

Wassalam.

Naka,
Abdu Maishinkafa,
Gaya.