An Kai Ƙwallon Nura Kudu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Hajiya Binta da yara? Mu nan Kurfi lafiya lau, sai godiyar Allah.

Maganar ɗanka Nura ce ta ɗaure min kai. Ka san shi ke tsare wa kwalejinsu ta Dutsin-Ma gida. Da, in za su buga da makarantun kusa, sai in hau mota da kunun ayata, in sayar a bakin fili ina kallonsa. Yanzu wai an cire su daga rukuninmu an haɗa su da makarantun kudu, saboda wani gidan talabijin zai riƙa nuna wasan yana raba musu kuɗi.

Na tambayi kocinsu, Malam Bala, na ce, “To kuɗin na wa?” Ya ce, “Na makaranta, Hajiya.” Na ce, “Yaran da ke gudun fa?” Sai ya ce ai duk Najeriya za ta gan su.

To fa! Tashar ba ta kamawa a gidanmu, sai gidan kallo, kuma ka taɓa ganin mace a can? Ranar Asabar a bakin yaran unguwa na ji wai Nura ya kaɗe fenariti. Duk Najeriya ta gani, ban da ni.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa da kowa. An ce watan gobe garinku za su zo. Don Allah ka je ka gano min ko ya rame.

Ƙanwarka,
Hajara