Kwano na Bakwai

Litinin, 3 ga Maris
Shekara goma sha ɗaya ina ma'aikaciya a ɗakin gwajin nan, har yau in na leƙa madubin ganin ƙananan halittu sai tsigar jikina ta tashi. Monosait, fararen ƙwayoyin jinin nan masu gadin jiki, suna kwance lakadan a kwanon gwaji. Na ɗiga musu saitokain, sinadarin da ƙwayoyi ke aika wa juna saƙo da shi. Kafin a tashi aiki sun baje, sun miƙa hannuwa, sun ja ɗamarar faɗa. Ikon Allah.

Alhamis, 6 ga Maris
Farfesa, shugabar ɗakin gwajinmu, ta tsaya a bayana ta ce, "Ba su da kunne, amma sun fi ɗalibaina jin magana." Shekarunta saba'in ba biyu, hannunta ko rawa ba ya yi.

Talata, 11 ga Maris
Matsala. Shekara ashirin Farfesa tana koyar da cewa wani saitokain kwantar da ƙwayoyin nan yake yi. A kwano na bakwai, inda na fara ɗiga wani saitokain daban kafin shi, tunzura su ya yi. Sau uku na maimaita. Ga shi ranar Juma'a za ta yi jawabi a kansa gaban manyan baƙi.
Baban yara ya ce, "Ki ja bakinki mana, wa ya aike ki?"

Laraba, 12 ga Maris
Na kai wa Farfesa hotunan kwano na bakwai. Ta cire tabarau, ta daɗe kan hotunan.
"Sau nawa?"
"Uku, ranki ya daɗe."
Sai ta ce, "Ashe wanda ya riga isowa shi ke sauya maganar. 'Yar nan, jawo kujera."
Ko abincin rana ba mu ci ba.

Juma'a, 14 ga Maris
A gaban kowa ta ce ta yi kuskure. Da bakinta, kai a ɗage. Ta ce in miƙe a ga wadda ta gyara mata. Gyalena ya zame, kunya kamar in nutse. Ina ake samun irin matar nan?

Lahadi, 23 ga Maris
Na karɓo takardar neman digiri na biyu. Don in ga yadda take ne kawai, a shekaruna ina ni ina aji.
Na dai cike. Na kuma sa hannu.