Kalma Ɗaya a Sashe na Sha Huɗu

Litinin, 6 ga Oktoba

Wakilan ƙasar maƙwabtanmu sun iso. Mota tara, da jiniya kamar sun ciwo yaƙi. Shekara goma sha ɗaya iyaka a rufe, ba jakada, ba ko gaisuwar mutuwa, yau ga su a zauren ma'aikatarmu suna shan shayinmu suna yabon labule. Ni aka zaunar a bayan Darakta kamar kullum, a kujerar nan mai rawar ƙafa. Shekara ashirin da biyu ina tafinta a gidan nan, ba a taɓa canza min ita ba.

Abu uku za a ƙulla: a mayar da jakadu, a buɗe wa manyan motoci hanya, a haɗa kai a kan tsaron iyaka. Alhamis ta sama ministocin biyu za su sa hannu. Amma kafin su, sai ni da tafintansu mun sa namu hannun, mun shaida cewa takardar harshenmu da ta harshensu magana ɗaya suke yi.

Tafintan nasu tsoho ne siriri, tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a wuya. Na raɗa masa suna Tabarau. Da aka tashi shan iska ya matso ya ce min da harshensu, wai ina na koyi magana haka, irin ta tsofaffin matan kasuwar garinsu? Na amsa da namu harshen na ce a makaranta. Ƙarya na yi, a goye na koya, a bayan Inna. To ina ruwansa? Sau uku mutanensu suka hana Inna takardar shiga ta je ta ga danginta, ƙasar da aka yanke mata cibiya fa. Har ta koma ga Allah tana tambaya ko an buɗe hanya. Harshensu a wurina kayan aiki ne, kamar wuƙa a hannun mahauci. Ba na hira da shi.

Talata, 7 ga Oktoba

Maigidana, Baban Auta, har waƙa yake a banɗaki. Tun da aka rufe iyaka kwana tara yake yi da babbar motarsa yana zagaye ta wata ƙasar, hanyar da da kwana biyu ce. Ya ce idan aka buɗe, duk Juma'a a gida zai yi ta. Na ce Allah ya sa kada mu gaji da kai.

Laraba, 8 ga Oktoba

Wuni guda a kan harajin gishiri da fata. Muƙamuƙina ciwo yake.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Yau aka ba ni takardun biyu in gwama. Na jera su a tebur, yatsa ɗaya nan yatsa ɗaya can. Lafiya lau har sashe na sha uku.

Sashe na sha huɗu, na tsaro. Tamu ta ce: idan sojojin wata ƙasar suna bin 'yan bindiga, za su iya tsallaka iyaka har kilomita talatin bayan sun sami izini. Tasu ta ce: bayan sun sanar.

Na cire gilashina na goge, na sake karantawa. Sau huɗu. A harshensu kalmomin biyu 'yan uwa ne, harafi ɗaya ya raba su, amma ni ba za a yi min wannan ba. Duk lokacin da Inna za ta fita unguwa Baba ya fara ƙorafi, da waɗannan kalmomin take ce masa, "Ba izininka nake nema ba, sanar da kai nake."

Kilomita talatin. Ƙauyuka nawa ne a ciki? Kasuwanni, makarantu, rijiyoyi. Wato su buga waya su ce ga mu nan, kafin a ajiye wayar motocinsu na ƙofar gidan mutane.

Aikin Tabarau ne, ko shakka babu. Shiru-shiru ba tsoro ba ne, makirci ne. Ya ɗauka macen da ke bayan Darakta ado ce.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na kai wa Darakta. Bai ko kalli takardar ba, biron hannunsa yake ta juyawa. A nan na gane ya riga ya sani, don wanda bai sani ba yakan zabura.

Ya ce, "Malama, harshe ai faɗi gare shi. Izini, sanarwa, duk ladabi ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, idan maƙwabcinka ya sanar da kai zai shiga ɗakin iyalinka, ladabi ne?"

Bai yi dariya ba. Ya ce wata goma sha takwas aka yi ana wannan tattaunawa, kada in zama ƙashin kifi a maƙogwaron ƙasa. Ya turo min takardar shaida, ya ce Litinin yake son ta. Na ce a gyara kalmar, yanzu-yanzu in sa hannu. Ya ce ba a taɓa rubutun da aka riga aka amince da shi.

Na bar masa takardarsa a tebur.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Da na sani ban gaya wa Baban Auta ba. Ya ajiye cokali ya ce, "Kalma ɗaya? A kan kalma ɗaya za ki sa direba ɗari biyar su ci gaba da kwana a daji?" Ya lissafo min abokansa uku da hanyar zagayen nan ta ci. Duk na san su, na je gaisuwar biyu. Sannan ya faɗi wadda ta fi zafi: wai ba don ƙasa nake yi ba, fushin Inna nake ramawa.

Na ce ko don fushin ne, kalmar dai ba ni na rubuta ta ba.

Auta ta kwashe kwanuka ta shige ɗaki. Shi kuma ya fita wanke motar da jiya ya wanke.

Akwai gaskiya a maganarsa? Ko akwai, ba yau zan auna ta ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ban sa hannu ba.

Sakatariyar Darakta, wadda muke kira Rediyo, ta kawo min labarai har tebur, ba a ko kunna ta ba. A bene na biyu ana cewa tsanar mutanen can ce ta rufe min ido. A bene na uku kuwa ana cewa ai jininsu ce ni, su suka sa ni in ɓata yarjejeniyar. Na ce ta koma ta ce musu su zauna su daidaita, in san laifin da zan amsa.

Da la'asar Kanar ya zo da kansa, wakilin sojojinmu a teburin. Ya rufe ƙofa, ya zauna a gefen teburina, ya kira ni 'yar'uwa. Ya yi magana a hankali, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Majalisarmu ba za ta haɗiye "sanarwa" ba, majalisarsu ba za ta haɗiye "izini" ba, shi ne aka ba kowa abin da zai iya haɗiya. Su sojoji sun fahimci juna, suna da lambar wayar juna. Na ce, idan aka canza ku fa? Takarda ta fi kanar daɗewa. Ranar da aka harbe ɗan wani a gonarsa, kowace ƙasa ta ɗago tata takardar, sunan wa za a gani a ƙasa yana rantsuwa cewa ɗaya suke?

Ya miƙe ya gyara hula ya ce, "Saura shekara nawa ki yi ritaya?"

Na ce huɗu. Na ce kuma na iya ƙirga.

Ashe da namu a ciki. Wannan ban so na sani ba.

Talata, 14 ga Oktoba

An ba ni takardar tuhuma, layi shida, kuskuren rubutu biyu. Na gyara da jan biro na mayar.

Sun nemi ɗaya tafintar tamu mai rantsuwar aiki ta sa hannu a madadina, tana asibiti ta haihu shekaranjiya. Allah ya raya. Dokar kuwa ta ce sai mai rantsuwa.

Tabarau ya tare ni a matakala, wai yana son magana, minti biyu. Na ce abin da zai faɗa ya faɗa a tebur, gaban kowa. Na wuce shi.

Laraba, 15 ga Oktoba

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Zaman ƙarshe, ministoci biyu a zaune, an riga an jera tutoci don gobe. Darakta ya so a bar ni a waje, amma babu mai fassara wa Minista, dole aka shigo da ni. Aka bi sashe-sashe ana gyaɗa kai. Da aka gama, Minista ya waiwayo, irin tambayar nan ta cika al'ada, ya ce, "Takardun sun dace da juna ko?"

Darakta ya ce, "Sun dace, ranka ya daɗe."

Na ji muryata ta ce, "Ba su dace ba."

Zauren ya yi tsit, har ƙarar na'urar sanyi ake ji. Na miƙe, kujerar ta faɗi ta baya, ban ɗaga ta ba. Na karanta layin namu, na karanta nasu, na faɗi bambancin. Ko minti ɗaya ban yi ba. Darakta yana ta "Malama, Malama" ƙasa-ƙasa.

Ministansu ya juya wurin Tabarau yana jiran fassara. Na ce a raina, to ga inda za a kashe ni. Zai ce 'yar matsala ce ta rubutu, ya shafa mata mai, a wuce.

Tsohon nan ya sauya tabarau, ya miƙe. Ya fassara maganata kalma da kalma, bai rage ko wasali ba, har inda muryata ta tashi tasa ta tashi. Sannan ya ƙara nasa, da harshensu, ya kuma maimaita da namu don kada a ce ba a ji ba: "Abin da ta faɗa haka yake. Ni ma tun ranar Laraba waccan na ƙi sa hannu."

Laraba. Kwana guda kafin ni.

Ministanmu ya dubi Darakta, Darakta ya dubi Kanar, Kanar ya dubi silin. Ko Minista ya sani tun farko? Fuskarsa ta nuna mamaki, amma mamaki ai yana cikin aikinsa. Aka ce kowa ya fita sai manya.

A baranda muka tsaya ni da Tabarau, tsakaninmu tukunyar fure. Ya ce abin da ya so gaya min jiya ke nan. Na ce ai da sai ya faɗa. Ya ce, "Kin bari?" Na mayar da idona kan furen.

Alhamis, 16 ga Oktoba

An sa hannu a kan jakadu da hanya. An cire sashe na sha huɗu, wai "za a ci gaba da tuntuɓar juna". Da aka cire shi na sa hannuna a kan sauran, Rediyo ce ta kawo min takardar, ba a gayyace ni zauren ba. A talabijin ɗin kantin ma'aikata na kalla. Darakta ya fi kowa tafi.

Litinin, 20 ga Oktoba

An mayar da ni ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, ƙarƙashin bene. Wai ana bukatar gogewata a can. Taga ɗaya, daidai ƙafafun masu wucewa, yanzu ta takalma nake gane mutane. Masu gaishe ni da sun koma gaishe da bango.

Su sha kuruminsu. Ban roƙi kowa ba, ba kuma zan roƙa ba. Gobe ma aka sake tambayata, amsar ita ce dai.

Asabar, 25 ga Oktoba

Baban Auta ya dawo daga tafiyar farko, kwana biyu zuwa, biyu dawowa. Yana ta labarin gada da sabon kwalta. Bai ce na yi daidai ba, ban ce ya yi daidai ba. Amma na ji shi a ƙofar gida yana gaya wa maƙwabci, "Ai uwargidan nan tawa, minista biyu ta tsayar." Da ya shigo na yi kamar ina tsintar shinkafa.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Wasiƙa daga Tabarau, ta hannun sabon ofishin jakadancinsu. Sun yi masa ritaya, saura wata bakwai lokacinsa ya cika. Ya ce yanzu shi ke jinyar matarsa, ciwon suga ya taɓa mata ido, shi ke karanta mata jarida. Ya haɗo da wani sabon rubutu na sashe na sha huɗu da ya tsara da kansa, harshe biyu gefe da gefe, ko wata rana wani zai nema. Wai in duba masa, don ya san ba zan yi masa kara ba.

Ba wanda ya sa shi, ba wanda zai karanta. Ni kuma ba abokiyar wasiƙarsa ba ce. Na jefa a aljihun tebur.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Kuskure uku na samu a ɓangaren harshenmu. Ba zai yiwu in bar su haka ba, sunan aiki ne. Shafi huɗu amsar ta ci, don sai da na yi masa bayani.

Da harshensu na rubuta, saboda ya fi saurin ganewa, ba don komai ba. A ƙarshe na tambayi jikin matar tasa, na faɗa masa sunan ɗigon idon da ya yi wa yayata amfani. Layi biyu ne kawai.

Na kuma gaya masa ba a makaranta na koyi harshensu ba. Gyara ne shi ma.